Buntun Shinkafi a Gonar Baba

Ladan na kiran assalatu muna ɗaure duro a bayan a-kori-kura. Muka yi sallah a masallacin bakin gareji, muka bar Gusau gari bai gama wayewa ba. Mu uku ne: ni, da direba, da wani abokina mai koyar da kimiyya a sakandare, wanda kowa ke ce wa Malam, ni ma haka zan ce masa a nan. Ni mai walda ne, duron kuma aikin hannuna ne. Na huda gindinsa kamar rariya, na yi masa murfi, na dasa dogon bututu a ka.

Abin da ya tashe ni saƙo ne daga ƙauyenmu, can bayan Zurmi. Matar yayana ta aiko a gaya mini Yaya ya sayi jakar gana-masgo, ya ce bana ba zai yi shuka ba, kudu zai tafi neman aikin gadi, kuma ba cin rani yake nufi ba, tafiya ce ta ƙaura. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, gemunsa ya yi fari fat, tun rasuwar Baba shi ke noma gonar gidanmu. Gonar ta gaji, rumbu ba ya kai su tsakiyar damina. Wallahi ranar da saƙon ya iso ban iya riƙe kan walda ba. Mutum kamar Yaya, a ce yana zaune a ƙofar gidan wani da tocila da sanda?

Malam ne ya kawo dabarar duro. Ya ce kara da ciyawa da ƙaiƙayi, duk jikinsu daga iska suka samo shi. In ka ƙone su ƙurmus, sun koma sama hayaƙi. In kuwa ka gasa su a rufe suka zama gawayi, ka cakuɗa da taki ka binne a gona, rairayi zai fara riƙe ruwa da taki, abin da zai tashi sama kuma ya kwanta a ƙasa shekara da shekaru. Ni dai na ce masa sama ta yi ta kanta, gonar Baba ce damuwata. Bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, in ba a binne kafin ruwan shuka ba sai kuma baɗi, baɗi kuwa Yaya ba ya nan.

Hanyar Kaura Namoda ba laifi, sai ramuka nan da can da direba ya san su kamar 'ya'yansa. Kaset ɗin wa'azi ya saka mana, don tun da aka ƙaddamar da Shari'a ya ce ya sallami na kiɗa. Muna ta giftawa da motocin haya masu hoton mace a jiki, na ɗaukar mata zalla, da manyan motocin 'yan kwangila ɗauke da rodi da siminti suna nufar Gusau. Tun da aka ba mu jiha kowa gini yake, kowa ƙofar ƙarfe yake so. Mu masu walda mun gode Allah, amma ƙarfe ya yi tashin da har duro tsoho sai ka yi magiya kafin a sayar maka.

Dab da shiga Kaura wasu 'yan agaji masu duba giya a hanya suka tsayar da mu. Babbansu ya zagaya motar, ya tsaya yana kallon duro da bututu, ya dube ni, ya dubi duro. Sai a lokacin na ga abin da yake gani. Innalillahi! Ni da hannuna na ƙera abin da ya yi kama da tukunyar dafa barasa, na ɗora a mota da rana tsaka a Zamfara!

"Malam, mi ag ga wanga abu?" in ji shi.

Na ce gawayi ake yi da shi. Ya ce gawayi ai rami ake gina mai. Zuciyata ta fara tafasa, don ni ba a daɗe ana ja da ni. Malam ya taka mini ƙafa, ya sauka ya buɗe murfin. Babban ya zura kai ciki ya shinshina, ya fito da baƙin hanci, yaransa suka juya baya suna ƙunshe dariya. Mutumin kirki ne. Ya ba mu haƙuri, har ya tsaya ya saurari bayanin Malam, ya ce Allah ya sa albarka, amma mu lulluɓe abin da buhu kada mu wahalar da na gaba.

A kusa da tashar jirgi muka karya. Layin dogo a nan ya ƙare, ciyawa ta cinye rabinsa, awaki sun mai da inuwar taragu ɗakin kwana. Waina muka ci da miyar taushe mai zafi, ga araha, wadda a Gusau sai ka sayi biyu kafin ka ji ka ci ɗaya. A kasuwar hatsi gero ya hau, kamar kowace bazara, masu awo suna ta nuna sabon mudun da aka ce kowa ya auna da shi. A teburin mai shayi wani manomi daga Banga ya ji muna zancen duro, ya matso. Ya saurara da kyau, ya yi tambayoyi masu ma'ana. Da Malam ya gama sai ya ce, "Wa ya taɓa gwadawa nan ƙasarmu?" Muka ce babu. Ya ce to wani shi fara, in ya ga geron mutumin ya fi nashi, ko akuya ce sai ya sayar ya sayi duro. Na ce masa in kowa ya jira wani, wa zai fara? Ya kurɓi shayinsa ya ce wanda rumbunsa ke cike.

Na so in yi masa tsiya, na fasa. Na biya kuɗin shayinsa muka wuce.

Daga Kaura muka miƙe arewa zuwa Shinkafi, don can Malam ya ce za mu sami abin gasawa. Kara ba ya samuwa a bazara: an yi danni, an ba shanu, an dafa tuwo. Rana ta buɗe, ƙarfen mota ba ya taɓuwa. Gonaki duk an share, an tara sassabe tsibi-tsibi ana ƙonawa, hayaƙi na tashi dama da hagu. Duk wanda muka wuce sai Malam ya yi tsaki ya ce ga taki can yana tafiya sama. Har direba ya gaji ya ce, Malam, ko in tsaya ka kamo shi?

Ranar kasuwa muka faɗa Shinkafi. Raƙuma, jakuna, mutanen Nijar da rawunansu ana ciniki da naira ana yi da sefa, shanu har ba ka ganin ƙarshensu. Wani daga wajen Jangeru ya sayar mana da tukuɗi, irin furar Buzaye, da dabino, na ci har na manta da zafin rana. Sai dai ba kasuwa ta kawo mu ba. Bayan gari muka nufa, inda injinan casar shinkafa suke.

Jama'a, ban taɓa ganin buntu irin wannan ba. Ɓawon shinkafa ne tuli-tuli, wani ya fi ɗaki tsawo, kuma kusan kowanne na cin wuta a hankali ta ciki, ba harshe, sai hayaƙi mai shiga ido da maƙogwaro. Ba dabbar da ke cinsa sosai, ba mai saye, sai a cinna masa wuta don a sami wurin zuba na gobe. Matan unguwar suna shanya da mayafi a hanci. Mai injin da muka yi wa sallama dattijo ne mai fara'a, idonsa jawur. Ya ce mu kwashi iya ƙarfinmu, ko sisi ba ya so, mun ma taimake shi.

A nan muka yi gwajin farko. Muka cika duro, Malam ya kunna wuta ta sama, na kifa murfi na sa bututu. Hayaƙi ya turnuƙe ɗan lokaci, har na fara jin kunya, sai kuma ya yanke. Bakin bututu sai zafi kawai yake rawa. Mutane suka taru. Da ya gasu muka kashe da ruwa muka juye, ga buntu baƙi wuluk, kowace ƙwaya da siffarta. Dattijon ya damtsa ya murza, ya ce tabarakallah.

Na ce, to Alhaji, in ƙero maka manya guda nawa? Ya yi dariya. Ya ce shi ya yarda abin na da kyau, tari ma ya ishe shi. Amma duro kuɗi ne, mai tsaron wuta kuɗi ne, ruwan kashewa a bazara sai an saya. In ya ƙara ko kwabo a ladan casa, mata su kwashi shinkafarsu su koma injin maƙwabci, wanda ke ƙona nashi kyauta. Gawayin kuma wa zai saya yau? "In hukuma ta hana kowa ƙonawa, ni ka fara kiranka," in ji shi. "Ko in manoma sun fara nema. Amma in yi ni kaɗai yanzu, sai in rufe inji."

A nan ne Malam ya ba mu labarin da ya karanta. Ya ce a ƙasashen Turawa ma gardamar ke nan. Sun gano yadda za a tare hayaƙin manyan masana'antu tun a bututu, a matse shi, a tura can ƙarƙashin ƙasa inda aka zuƙe mai, ya zauna. Yin abin ba shi ne rigimar ba, yaushe za a fara ita ce. Wasu sun ce a jira, yau da tsada, nan gaba injin zai yi sauƙi. Wasu sun ce ba ya yin sauƙi sai an fara an koya, kuma duk shekarar da aka jira, hayaƙinta ya riga ya hau, zafi na ƙaruwa, damina na rikicewa. Kowane mai masana'anta kuma yana kallon maƙwabcinsa. Dattijon ya tafa hannu ya ce ashe Bature ma ɗan kasuwa ne.

Ni kam raina ya ɓaci. Na ce wato kowa ya yarda, kowa ya ce madalla, kuma kowa ya ce ba yau ba! Na faɗi maganganu, na ce mutanenmu ba su son ci gaba. Malam ya bar ni na huce, sa'an nan ya ce a hankali, "Ba wanda ya yi ƙarya cikinsu." Muka cika buhuna da buntu har mota ta duƙa, muka kwana a Shinkafi.

Da safe muka dawo ta Kaura muka karya gabas. Hanyar Zurmi ta gwada mana hali, duro na ta buga wa buhuna kai a baya. Gulbi ya ƙafe sai yashi, mata sun haƙa ramuka a tsakiya suna kwalfar ruwa da ƙwarya. A Zurmi muka sayi goro da sukari na tsaraba, muka sha fura mai kyau wadda ba a yi wa nononta ha'inci ba. Daga nan sai hanyar jeji. Bayan azahar muka shiga gida.

Jakar na fara gani. Tana rataye a zaure, sabuwa fil, mai ja da fari, cikinta ya ɗan tasa. Matar Yaya ta kawo ruwa, ta dube ni, ta dubi jakar, ta koma ciki. Yaya ya rame. Muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki, ya yi wa baƙina maraba, ya leƙa mota ya ce, "Auta, mi kaz zo muna da shi?" Auta yake ce mini har yau, da furfurata.

Da la'asar muka taka gona mu uku, ni da Yaya da Malam. Gonar Baba kashi biyu ce ko ba a raba ba. Kwari, wajen gulbi, yana ɗan taɓukawa. Tudu kuwa rairayi ne fari, ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero, ya cinye shi, kututturen geron bara kamar tsinken tsintsiya. A tudun nan nake tuna Baba yana ɗaure dammuna har mu gaji da jido. Na tsaya, idona ya ciko.

Malam ya yi bayani, kuma na yaba masa, bai yi zaƙin baki ba. Ya ce sai an cakuɗa da takin awaki an bar shi ya jiƙa, in ba haka ba shekarar farko gawayin zai shanye abincin gero. Ya ce bana ƙila ba a ga komai ba. Ƙila baɗi, ƙila sai ta uku. Yaya ya ce, tabbas? Malam ya ce tabbas na Allah ne, shi dai ya karanta, bai taɓa gani da ido a irin wannan ƙasa ba.

Yaya ya ce a bari tukuna. Na ce a bari sai yaushe? Ya ce sai an raba gona.

To, a nan ne gizon yake, kuma sai na yi muku bayani. 'Yan'uwanmu mata an daɗe da fitar musu da nasu a dabbobi da ƙaramar gonar bayan gari. Babbar ce ta rage tsakanina da Yaya, ni ina jin nauyin tayar da zancen, shi ma haka. Yanzu kuwa liman kullum yana wa'azi a kan jinkirta rabon gado, ya ma yi wa Yaya magana. A gidanmu, tun kakanni, babba ke taka gona ya ja iyaka, ƙarami ya zaɓi ɓangaren da yake so. An yi haka ne don kada babba ya cuci ƙarami. Ban taɓa tunanin yadda abin yake daga wajen babba ba.

"Duk inda nag gyara, nan za a zaɓa," in ji Yaya, yana kallon ƙasa. "Ba kai nika nuhi ba, Auta. Amma kana da ɗiya, ni ma ina da su, kuma rai na ga Allah. In zuba takin awakina da ƙarhina shekara ukku, in kai ɗiyana ga yunwa, sannan a zo a zaɓa? Kuma ni ban iya jan layi bisa gonar Baba. Gara in tahi, ka riƙe ta duka."

Wallahi da na zo da niyyar faɗa. Na tanadi maganganu tun daga Shinkafi. Duk suka zube. Mutumin nan ba lalaci ke damunsa ba, ba kuma duhun kai ba. Lissafinsa daidai ne, kuma kunya ta hana shi faɗa shekara da shekaru. Sai na tuna manomin Banga da ya ce mai cikakken rumbu shi zai fara. Ni ina da shago, ko gero bai yi ba ƙofofin Gusau za su ciyar da ni.

Na ce, Yaya, a kira liman yau. Ka ja iyaka tsakanin tudu da kwari, na zaɓi tudu, a shaida. A nan za mu binne, da takin da zan saya. In ya mutu hasarata ce, kai kana da kwari. Malam ya gyaɗa kai, ni kuma har na fara jin daɗin kaina.

Yaya ya ɗago ya harare ni irin hararar da rabona da ita tun ina satar masa rake. "Ƙanena shi ɗauki mataccen wuri, ni in zauna ga mai rai? In hwaɗa ma Baba mi?" Ya kaɗa riga ya bar mu tsaye a gona. Na ce shi ke nan, na ɓata. Ko tuwo ban ci na kirki ba.

Da sassafe ƙarar ƙarfe ta tashe ni. Na fito na tarar ba duro a mota. A tudu na same shi, Yaya da direba sun gangara da shi, jakinsa tsaye da mangala cike da takin awakin gida, wanda ya tara don kwari. Ya ce wa Malam ya zo ya nuna masa yadda ake kunnawa. Yini muka yi muna gasawa, matan gida na jido ruwa, maƙwabta na tsayawa kallo suna cewa Allah ya ba da sa'a, irin addu'ar da ake yi wa wanda aka ga ya fara zarewa. Muka gina rami muka cakuɗa gawayi da taki muka jiƙa muka rufe. Abin da muka kawo ko kusurwa ɗaya ta tudun ba zai rufe ba. Yaya ya tambayi direba ranar da yake komawa Shinkafi.

Da muka zauna hutawa, baƙi ƙirin kamar maƙera, ya ce, "Ba a kiran liman bana. Mu ba shi damina ukku. Ranar rabo, in tudu ya tashi, naka na. In ya mutu, nau na."

Na ce wannan ai zalunci ne a kanka, duk ta inda aka juya kai ne a ƙasa! Na ce ban ma san ko alƙali zai karɓi irin wannan rabo ba. Na ɗaga murya har jaki ya waiwayo. Ya bar ni na gama, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

"Ni ab babba ko kai?"

Kashegari muka kamo hanya, mota sakayau, duro ya zama ɗan ƙauye. A Kaura muka sake cin karo da 'yan agajin nan, babbansu ya leƙa baya ya ce ina tukunyar? Na ce ta yi aure. Hadari ya haɗo ta gabas har muka shiga Gusau, bai dai zubo ba.

Na bar gida ina ganin duk mai cewa a jira tsoro ne ko taurin kai. Na dawo na san kowa da abin da yake jira: wani ya ga an gwada, wani a ɗaure maƙwabcinsa da doka ɗaya da shi, wani ya san ko abin da ya gyara zai zama nasa. Ban ga wawa ko ɗaya ba. Amma na ga tudun Baba, na ga jiran ma ci yake, a hankali, kamar wutar buntu. Malam ya ce dole wani ya ɗauki hasarar farko, kuma kamata ya yi mai ƙarfi ya ɗauka. Haka na so, Yaya ya ƙi. Ko gawayin zai yi, ban sani ba, Malam ma bai sani ba.

Muna sauka a ƙofar shago direba ya ce ga naka. Na ce ba ni da kaya. Ya jawo jakar nan daga bayan kujera, mai ja da fari, ya ce Yaya ne ya saka da hannunsa, ya ce kada a gaya mini sai an iso. Na zuge zif. Ba riga, ba tocila. Kuka ce da daddawa da ɗan wake na tsaraba, a ƙasa kuma buhunan da muka juye, an ninke su tsaf.

Direba ya ce, "Ya ce ka ciko su kafin ruwa."